Wankin Hoto

Na sauka Hull da akwati ɗaya
da kyamarar da Jatau ya sayar mini a Yawuri,
rabi kuɗi, rabi alkawari.
Har ya koma ga Allah ban gama biya ba.

Karatun akanta ya kawo ni,
ƙarnin kifi ya fitar da ni daga aji.
Na bi hancina har Hessle Road,
na tarar da maza masu hannu irin na babana,
faso a tafi, gishiri a farce,
sai dai ruwansu ba shi da tsallake.

Wata uku ban danna ba.
Ina zaune kan akwatin ƙanƙara ina shan shayinsu
har suka daina ganina.
Ranar da Doreen Marfleet ta ji labarin jirgin mijinta,
ta yi kuka a gabana ba ta juya baya ba,
ranar na kama aiki.

Fim guda, hoto talatin da shida.
Mai iri kaɗan ba ya shuka a kan fa.
Ka riƙe numfashi, ka jira,
yadda Basarke ke jiran ruwa ya yi magana.

Ɗakin duhuna ƙarƙashin matakala yake:
jar fitila, tasa uku,
da warin tsami da Ladidi ta yi shekara talatin tana mita a kai.
In jiƙa farar takarda, in girgiza,
sai fuska ta taso sannu a hankali
kamar giwan ruwa daga ƙasan gulbi.
A jikin dodon hoto Doreen baƙa ce wuluk,
ni kuma, inda gilashin shago ya kama ni, fari fat.
Na daɗe ina wannan dariyar ni kaɗai.

Sai edita ya ce launi ake yayi.
Na ba shi launi.
Amma lokacin jiragen sun tafi mahauta,
abin da ya rage in ɗauka tsatsa ce,
ita kuwa kalarta ɗaya.

Ɗana ya sayo mini wadda ba ta cin fim,
ka danna, ka gani nan take.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.
Ranar da aka rushe rumfar gwanjon kifi
na danna, na sunkuya ina duba bayanta.
Da na ɗago, Stan Cobley yana mayar da hularsa.
Ya cire ta, ya yi wa rumfar ban kwana,
ni ina kallon abin da ya riga ya wuce.
Wannan hoton shi ne mafi kyau a aikina.
Ba ni da shi.

Jiya jikata Ramlatu ta rubuta wa wayarta
“masuncin Hull, shekarun baya”,
wayar ta haifo mata mutum nan take,
kyakkyawa, da gemu, da hazo a bayansa.
Ba uwa, ba unguwa, ba wanda ke binsa bashi.
Na ƙirga yatsunsa, goma cif.
Na ce, wannan bai taɓa jan igiya ba.
Stan bakwai gare shi.

Yanzu yana ta rufe mini idon dama,
wanda na yi shekara hamsin ina leƙe da shi.
Na hagu, da ya sha runtsawa, shi ke jan gora.

Ranar Talata nake zuwa laburare.
Wata yarinya mai farar safar hannu
tana shigar da dodannina kwamfuta ɗaya bayan ɗaya,
tana tambaya, wannan fa?
In ce Doreen. In ce Stan. In ce ɗan Doreen, kafin ya tafi Leeds.
Akwai wani yaro riƙe da bokiti, yana hararata.
Na ce ta bar shi a allon tukuna.
Sunan yana nan ƙasan tasa,
ina girgizawa.